Hannun Kawu

Litinin, da yamma

An gama taron. Kowa ya ce ya yi kyau. Farfesa ya ce tun da ya fara shugabantar ɗakin gwajinmu bai ga an yi wa wani tafi irin na yau ba. Na dawo gida na zauna bakin gado da jakata a kafaɗa, har Baban yara ya leƙo ya tambaye ni ko wata tafiyar zan yi.

Bari in rubuta yadda ya kasance, ko zan samu in ci abinci.

Shekara uku ke nan ina kan hantsakin nan. Irin wanda likitan tiyata ke riƙe allura da shi ne in zai yi ɗinki, sai dai namu mun cusa masa 'yan na'urori a cikin mariƙi, suna auna yadda hannu ke matsawa da yadda yake motsi, kwamfuta kuma tana zana motsin a layi. Don koyar da sababbin likitoci muka yi shi, yaro ya ga layinsa, ya ga na gwani, ya san inda zai gyara. To sai da muka nemi gwanayen. Muka roƙi manyan likitocin asibitin su zo su yi mana ɗinki a kan fatar roba. Duk suka ce ba su da lokacin wasan yara. Kawu ne ya fara zuwa. Yayan Umma ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya fara saya mini sukundireba da ya ga ina ɓarke masa rediyo da wuƙa. Da suka ga ya zo, sauran suka biyo.

Mun cire sunaye. Wallahi mun cire. Amma a ƙarƙashin kowane layi akwai ɗan bayani, har da hannun da mutum ya yi aiki da shi. Dama, dama, dama, dama, hagu.

Layukan dama suna tafiya sumul kamar zaren da aka ja. Na hagun yana da 'yan haƙora kamar bakin zarto. A gaban taron na ɗora sanda a kansa a jikin allo na ce, “Ku dubi abin da ido ba ya gani, na'urarmu ta gani.” Da bakina na faɗa, har da murmushi.

Sai wani matashin likita daga baya ya ɗaga hannu. Ya ce, “Injiniya, wancan na hagun, rawa hannun yake yi ke nan?”

Bahago ɗaya ne a sashen tiyata na asibitin nan. Ko masu shara sun sani.

Kawu yana layin gaba, cikin farar rigarsa da aka yi wa guga har tana tsayawa da kanta. Bai motsa ba. Ba wanda ya dube shi, duk ɗakin kowa ya sami abin kallo a ƙasa ko a silin. Ban san amsar da na bayar ba. Da aka tashi tafi, ya yi tafi shi ma. Ba a gan shi wurin shan shayi ba.

Talata, da safe

Na kira Kawu. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Wataƙila yana ɗakin tiyata, ba ya shiga da waya.

Talata, da yamma

Wataƙila caji ne ya ƙare.

Laraba, lokacin cin abincin rana

Dogo, abokin aikina da ke kula da ɓangaren kwamfuta, ya shigo ya rufe ƙofa a bayansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce an ba wani likitan ayyukan da Kawu zai yi gobe. An ce hutu ya ɗauka. Na ce ai dama ya daɗe bai huta ba. Dogo ya dube ni kawai, ya ɗauki ƙarfen dalma yana goge masa baki, alhali ba mu kunna shi ba tun makon jiya.

Can ya ce, “Ni ma ban lura da maganar hagun nan ba. Ni na tsara hoton, ni ya kamata in cire.”

Na ce ya bar zancen. Da ma zan iya barin shi ya ɗauki laifin. Na ji daɗin jin ya faɗi haka, wannan ma abin kunya ne.

Farfesa kuwa bakinsa har kunne. Ya ce masu ɗaukar nauyin bincike sun kira, sun ce ashe abin namu ya wuce kayan koyarwa, zai iya gano ciwo tun kafin mai shi ya sani. Na ce, “Ranka ya daɗe, kawuna ne fa.”

Ya ce, “Na sani, Injiniya, na sani. Allah ya ba shi lafiya. Amma mu ba mu ambaci sunan kowa ba, ko mun ambata?”

Ba mu ambata ba.

Alhamis, da hantsi

Ban kira ba yau. Na ɗauki wayar sau da yawa dai.

Juma'a, bayan la'asar

Umma ta zo, ba ta gaya wa kowa za ta zo ba. Ta ƙi zama a kan kujera, ta zauna a gefen tabarmar yara da mayafinta a jiki. Na kawo ruwa, ta ce ta sha a gida. Yaran suka zo suka gaishe ta, ta amsa musu da fara'a, ta ce su je waje su yi wasa.

Ta ce, “Me Yaya ya yi miki?”

Na ce, “Umma, ba yadda aka gaya miki ba ne.”

“Ba wanda ya gaya mini. A kantin magani na ji. Mai kantin yana ba wata labari wai an gano hannun babban likitan nan rawa yake yi, wai 'yar ƙanwarsa ce ta tona a gaban jama'a. Ina tsaye da maganin hawan jinina a hannu. Bai san ni ce ƙanwar ba.”

Na fara yi mata bayanin na'urar, da lambobin da muka sa maimakon sunaye, da yadda doka ta ce a yi. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce, “Duk ban gane wannan ba. Abu ɗaya nake tambaya. Gidansa ya ɓace miki ne? In kin ga wani abu a hannunsa, ba sai ki je ki durƙusa ki gaya masa tsakaninki da shi ba? Mutumin da in ya kira ki ba ya cewa komai sai Uwata.”

Na kalli ruwan da ta ƙi sha.

Ta ce, “Ranar da kika karye kina ƙarama, a kafaɗa ya ɗauke ki har asibiti, ba takalmi a ƙafarsa. Ban ce ki biya shi ba. Amma tsakani da Allah.”

Ba ta ƙarasa ba. Ta miƙe tana dafa bango. Na ce bari Baban yara ya kai ta, ta ce ƙafarta lafiya lau. Har bakin ƙofa na bi ta. Ta gyara wa ƙaramar ɗankwalinta da ya zame, ni ba ta waiwaye ni ba.

Asabar, da safe

Na ƙona shinkafa. Na sake ɗora wata, ita ma ta kama.

Lahadi, da rana

Na je gidan Kawu. Motarsa tana nan a ƙarƙashin rumfa, ganye ya zuba a kan gilashin, alamar ta kwana biyu ba ta fita ba. Inna, matarsa, ita ta buɗe mini. Ta rungume ni kamar kullum, ta ce na rame, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da ma zagina ta yi.

Na ce, “Kawu fa?”

Ta ce, “Ya ɗan kwanta.”

Ina jin rediyo daga ɗakin karatunsa. Ina jin wannan gyaran murya nasa da yake yi in zai juya shafi. Inna ma ta san ina ji. Ta ƙara wa fanka gudu.

Muka zauna muna hirar tsadar kayan miya da ciwon gwiwarta. A kan tebur akwai kofin shayinsa, an sha rabi. Ba irin kofin da na sani ba ne, wannan babba ne mai murfi, irin na matafiya. Ta ga ina kallonsa, ta ɗauke ta kai kicin. Da ta dawo ta ce, “Ki ba shi lokaci, 'yar nan. Shekara talatin da wani abu, in ya tashi da safe ya san inda za shi. Yanzu sai ya yi wanka ya shirya tsaf, har da agogo, ya zo ya zauna nan ya dube ni. Ni kuma ba abin yanka ba ce.” Ta yi dariya, ni ma na yi, sai na ga idonta ya ciko.

Da zan tafi na tsaya a bakin ɗakin karatun na ce, “Kawu, ni ce. Na zo gaishe ka.”

Aka rage muryar rediyo. Na jira. Aka mayar da ita yadda take.

Litinin, da hantsi

Shugaban sashen tiyata ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, ɗalibin Kawu ne ma a da. Ya ce kwamiti zai zauna mako mai zuwa, suna son duk abin da na'urar ta ɗauka na mai lamba biyar, wato Kawu, ba wannan ɗan guntun da na nuna ba.

Na ce mun yi wa waɗanda suka shiga gwajin alkawari cewa don bincike kaɗai ne, ba za a yi wa kowa hukunci da shi ba.

Ya cire gilashinsa ya murza ido. Ya ce, “Injiniya, ke kika ɗora shi a allo. Da ban gani ba, da ban gani ba. Yanzu na gani. In na bar shi ya shiga ɗakin tiyata wani abu ya faru, me zan ce wa masu majinyaci? In na hana shi kuma ba dalili, me zan ce wa Malam? Kullum da safe sai na wuce ta ƙofar ofishinsa kamar ɓarawo.”

Na ce zan yi shawara. Da na fito na tarar da wata mata a kan benci da ɗanta, ya kai shekara goma, cikinsa a kumbure. Tana rigima da nas, wai ita tsohon likitan nan aka ce mata, shi ya yi wa yayarta aiki, ba za ta ba wani ɗanta ba. Nas tana ta lallashinta. Na sunkuyar da kai na wuce, kamar an rubuta a goshina.

Talata, da yamma

Wani tunani ya zo mini ina wanke-wanke, har na fasa faranti. Ni da dama nake aiki. Dogo ma haka. Duk gwajin da muka yi wa hantsakin kafin likitoci su zo, da hannun dama muka yi. To in bahago ya riƙe fa? Babban yatsa yana sauka wani wurin daban, na'urar tana kwanciya a juye. Zai yiwu ƙarfen ne ke ƙarya.

Allah ya sa ƙarfen ne. Allah ya sa shekara ukun nan a banza na yi su.

Laraba, bayan an tashi aiki

Dogo ya samo wata likitar haƙori bahaguwa daga ɗaya ginin. Ba mu gaya mata dalili ba, ina jin ta sani, don ba ta tambaya ba. Ta sa safar hannu, ta zauna gaban fatar roba, ta ɗauki hantsakin, wanda Kawu ya riƙe ɗin dai, ban canza ko batir ba. Ta fara ɗinki tana ba mu labarin wani majinyacinta da ya ciji yatsanta.

Ina tsaye bayan Dogo ina kallon kwamfuta, ina roƙo a zuci haƙoran nan su fito. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so layin nan ya karkace ba.

Sumul ya fito. Na ce ta sake, ta juya hannu haka. Ta sake. Na ce ta yi da sauri. Na ce ta yi a tsaye. Na kwance mariƙin na ɗaure, na ce ta sake. Har ta dube ni ta ce, “Yaya, ni fa ina da masu jira.”

Da ta fita Dogo ya ce a hankali, “Aikinki ba shi da aibi.” Ya yi nufin ya ƙarfafa mini gwiwa ne. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Alhamis, da safe kafin yara su tashi

Jiya mun yi faɗa da Baban yara. Tun ranar taron yake lallaɓa ni kamar ƙwai, shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko su. Jiya dai ya gaji.

Ya ce, “Ina tambayarki. Da yaronmu ne za a kwantar a teburin, kin san abin da kika sani, za ki bari Kawu ya yi masa?”

Na ce wannan ba tambaya ba ce.

Ya ce, “Tambaya ce mana. Kuskure kin yi, wurin da kika faɗi maganar ne kika kuskure. Amma kina ta yi kamar ke kika sa masa ciwon.”

Na ce shi me ya sani, ba kawunsa ba ne, kuma ba a taɓa tafa masa a kan mutuncin wani ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya ɗauki matashinsa ya koma falo.

Ban amsa tambayar ba. Har yanzu ban amsa ba. Na dai shiga ɗakin yara na tsaya ina kallon babban yana barci da baki a buɗe.

Asabar, da rana

Magana ta yi ƙafa. Dogo ya ce wasu mutane sun zo asibitin jiya, 'ya'yan wani tsoho da ya rasu bara bayan Kawu ya yi masa aiki. Suna ta ɗaga murya a bakin ofishin shugaba, wai yanzu sun gane abin da ya kashe ubansu. Tsohon nan ciwo ya riga ya cinye shi kafin a kawo shi, kowa ya ƙi taɓa shi, Kawu ne ya ce a gwada. Na tuna har gida ya je musu ta'aziyya.

Da na'urar auna hannu na fita daga gida. Ban san abin da na saki a gari ba.

Lahadi, da yamma

Umma ba ta ɗaukar wayata. Ƙanwata ta ce tana lafiya, ta ce in bari tukuna.

Litinin, da safe

An ce Kawu ya je an duba shi a wani asibitin. Daga bakin nas na ji.

Talata, da yamma

Kwamiti ya zauna. Na tafi da bayanan mai lamba biyar a jaka, ban san ko zan miƙa ba ko ba zan miƙa ba. Har na zauna ban sani ba. Dogon tebur, robobin ruwa, Farfesa a gefena yana taɓa waya. Shugaban sashe ya fara jawabi yana ta kewaye-kewaye, sai aka ƙwanƙwasa.

Kawu ne. Ba farar riga. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk ɗakin aka miƙe. Ya ce a zauna, shi ba zai daɗe ba, bai ma zauna ba, ya dafa bayan kujera da hannun dama, na hagun yana cikin aljihu.

Ya ce, “Na ji kuna son ku sa yarinyar nan ta karya alkawarin da ta yi wa waɗanda suka shiga gwajinta. Kada ku fara. In kuka yi, ba likitan da zai sake yarda a auna shi, kuma ya kamata a riƙa auna mu. Ba ku buƙatar komai daga wurinta. Na ajiye wuƙa daga yau.”

Shugaban sashe ya ce, “Malam, ba mu kai nan ba, a jira sakamakon...”

Kawu ya ce, “Ni na kai.” Sannan ya ce yaron nan mai kumburin ciki kada a ƙara ɗaga aikinsa, shi zai je ya yi wa uwar magana da kansa, ya ambaci likitan da za a ba. Game da 'ya'yan marigayin kuma, ya ce a ba su duk bayanan aikin, a kira wanda suke so daga waje ya duba.

Da zai fita ya biyo ta bayan kujerata. Na miƙe na ce, “Kawu.”

Ya ce, “Sannu, Injiniya.” Ya wuce.

Bai taɓa kirana haka ba. Farfesa ya raɗa mini cewa an rabu lafiya, Allah ya taimake mu.

Laraba, da hantsi

Na ba Baban yara haƙuri. Ya ce dama bai riƙe ba, bayansa ne dai kujerar falo ta kusa karyawa.

Juma'a, da yamma

Da safe Inna ta kira, ta ce Kawu zai kwashe kayansa daga ofis, ya ce in zo in taya shi. Ban tsaya ko neman izinin Farfesa ba.

Na same shi a tsakiyar kwalaye. Na gaishe shi a durƙushe, ya amsa, ya nuna mini kantar littattafai. Muka yi ta aiki, ni ina saukewa, shi yana cewa wannan gida, wannan a bar wa ɗalibai. A cikin durowa akwai almakasansa da hantsakansa na bahago, waɗanda aka ƙera masa musamman tun yana saurayi, a naɗe cikin koren ƙyalle. Ya buɗe ya duba, ya naɗe. Igiyar ta ƙi ɗauruwa. Na ga yatsun, a fili, ba a kwamfuta ba. Na kawar da kai. Ya ce, “Zo ki ɗaure.” Na ɗaure.

Na ce, “Kawu, ka yafe mini. Ban lura da maganar hagun nan ba, wallahi da na...”

Ya ɗaga mini hannu. Ya zauna a kan kwali.

Ya ce, “Taron bai dame ni kamar yadda kike zato ba. Na sha kunya, an gama. Ranar da na zo ɗakinku na yi ɗinkin fa? Da na gama na cire safar hannu, kina kallon kwamfuta, ina kallon fuskarki. Na ce miki, Uwata, yaya na yi? Me kika ce?”

Ban taɓa rubuta wannan a nan ba. Na yi ta kewaye shi.

Na ce, “Na ce lafiya lau.”

“Kika ce lafiya lau, Kawu, ka fi kowa. Kin san abin da ya kawo ni ranar? Na daɗe ina jin abu a hannun nan. In na duba ba na gani. In na tambayi na ƙasa da ni, wa zai gaya wa Malam? Na ce to, ga 'yata ta ƙera abin da ba ya jin kunyar kowa, in akwai za ta gaya mini. Da kika ce lafiya lau, na koma gida na ci abinci har da ƙari. Washegari na shiga na buɗe cikin mutum. Wata biyu ina buɗewa a kan maganarki.”

Na zauna a ƙasa.

Ya ce, “Allah ya rufa asiri, duk sun tashi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a makon nan, na duba. Amma ba ni da ke muka tsare su ba.”

Na ce na ji nauyinsa ne. Na ce na yi ta cewa gobe zan je, gobe zan je. Ban gaya masa ɗaya dalilin ba, cewa layin nasa shi ya fi kowanne ƙawata aikina, kuma na san haka tun ranar. Ina jin ya sani.

Ya ce, “Tashi, ƙasan nan ba a share ba.”

Muka fito da kwalaye. A baranda wani dattijo ya tare shi, ya kama hannun nan na hagu da hannu biyu yana ta addu'a, har ya ɗaga riga ya nuna masa tabon ɗinki a cikinsa, wai shekara goma sha ba ko ƙaiƙayi. Kawu ya bar masa hannun har ya gama.

A wurin ajiye motoci ya miƙo mini makulli. Ban taɓa ganin wani ya tuƙa Kawu ba. Ya ce, “Ki bi a hankali, birkin yana da saurin kamawa.” Na tuƙa mu har gida. Da na tsaya ya ce ran Litinin zai koma karɓar sakamako, Inna gwiwarta ba za ta iya matakalar wurin ba, in zo in kai shi.

Asabar, da rana

Umma ta ɗauka. Ta tambayi yara. Ta ce ta ji ni zan kai Yaya. Ta ce in tafi masa da ruwa, ba ya tunawa ya sha.

Litinin, da yamma

Mun je. Likitan ƙwaƙwalwa ne, yaro, bai fi sa'ana ba, sai gumi yake yi don ya san wanda ke gabansa. Ya ce ko in jira a waje, Kawu ya ce in zauna. Ya sa shi ya miƙe hannuwa, ya taɓa hanci, ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo. Ya ɗora hotuna a jikin fitila. Sannan ya yi bayani mai tsawo yana kallon tebur, yana ta “wataƙila” da “sai mun ƙara gani” da “ai Malam ya fi ni sani”. Ya faɗi sunan abin sau ɗaya, da sauri. Ba zan rubuta shi ba, na Kawu ne.

A mota na sa makulli ban tayar ba. Kawu yana kallon gaba, ledar magunguna a cinyarsa tana ɗan ƙara.

Ya ce, “To, me ya ce?”

Shi da ya koyar da masu koyar da yaron nan. Na dube shi, na ga da gaske yake, jira yake yi.

Na gaya masa. Sunan, da cewa ba ya warkewa, da cewa magani zai rage shi na wasu shekaru, da abin da zai biyo baya in shekarun sun wuce, har wanda likitan ya haɗiye bai ƙarasa ba. Ban rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, kamar yadda yake yi in ɗalibi yana ba shi rahoton majinyaci.

Ya ce, “Haka na ji ni ma.”

Na buɗe robar ruwan na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu ya sha, kaɗan ya zube a rigarsa, bai goge ba, ni ma ban kawar da kai ba.

Ya ce, “Tayar mu je. Innarki tana bakin taga tun ɗazu, kuma ke za ki gaya mata.”